Ranar da Ban Dafa Allurai Ba

Kun taso kun same ni cikin rodi da kwanon rufi da buhunan siminti, kuna zaton da su na fara. Ba da su na fara ba. Kafin a haifi babbanku shagon magani ne da ni a Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, a layin da ke gangarawa masallacin unguwarmu. Da tire a ka na soma, ina yawo da ƙwayar ciwon kai da man zafi daga Zango har Oforikrom, kafin na samu ɗaki mai ƙofa biyu. Gaba kanti ne, baya kuma ɗakin allura, labule ya raba su. Ban yi boko ba, amma nakan gane abin da mutum yake so tun bai buɗe baki ba. Mutanen Zango kuwa a lokacin ba abin da suka yarda da shi kamar allura. Ƙwaya a wurinsu lallashi ce kawai. In ba a huda mutum ba, bai ji an yi masa magani ba.

Ni ban iya allura ba, don haka na nemo wanda ya iya. Sunansa Salifu, Badagombe ne daga wajen Yendi, ya yi aikin jinya a soja tun yana saurayi, kowa Sajan yake ce masa. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Dogo ne, ba ya son magana, Hausarsa ta bariki ce. Kayan aikinsa ba yawa: sirinjin gilas uku, allurai 'yan kaɗan da yake wasawa a dutse in sun dakushe, hantsaki ɗaya, langa mai murfi, kurfoti na gawayi, da agogon aljihu. Duk allurar da ta shiga jikin mutum sai ta koma cikin langar nan ita da sirinjinta, ruwa ya rufe su. Ba ya fara duba agogo sai ruwan ya tafasa, daga nan minti ashirin, ko da wane ne ke jira. Da hantsaki yake tsamo su, yatsa ba ya taɓa su. Tsakanin mutum da mutum sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Audugar da ya goge wa wani ba ta taɓa wani, wuta take shiga. Mutane su cika benci suna tsaki, shi yana tsugune yana fifita gawayi.

Wannan jiran ya daɗe yana ci mini rai, don ina ganin masu gajiya suna tashi su tafi wani wuri. Wata rana na yi masa magana.

"Sajan, allura ce ko ganda? Minti biyar ai ya isa."

"Bai isa ba."

"A asibiti ma haka suke yi?"

"Asibitin da ya san aiki, haka yake yi. Yakubu, a bariki na ga layin mutane an yi musu da allura ɗaya. Ba ranar suka kwanta ba. Sai bayan wata biyu, wata uku, ido ya yi rawaya. Wasu mun binne."

"To ai muna da sifirit."

"Sifirit na fata ne. Cikin allura wuta ne kawai yake shiga."

Na ji shi, amma ji irin na ɗan kasuwa. Na ɗauka tsohon soja ne da ya saba da doka, ba zai iya rabuwa da ita ba. Na ƙyale shi saboda sunansa na kawo mutane, kuma a shekara shida ba wanda ya taɓa dawo mana da kumburi.

Yayata Habi ita ce ta goya ni. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Mma kuma, mahaifiyarmu, ba ta da ƙarfin ƙafa tun ina iya tunawa. Yaya Habi ce ke dafa shinkafa da wake a ƙofar gida, da tukunyar nan aka ciyar da mu, kuma ita ta ɗora mini tiren farko a ka. Bakinta ba ya hutawa. Duk safiya in zan fita sai ta ɗaga murya yadda masu sayen abinci za su ji.

"Ku matsa wa Dokta ya wuce. Dokta ba makaranta, Dokta ba farar riga."

Mijinta Malam Isiyaku tela ne, ya zo daga Katsina tun yana matashi, bai taɓa tunanin takardar zama ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Yaransu huɗu. Gida ɗaya muke, ɗakinsu na kallon na Mma.

A ƙarshen shekarar 1969, cikin azumi, gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Kun ji labarin wannan a bakin mutane da yawa, ba zan maimaita ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda Zango ta koma kasuwar gwanjo. Gadajen ƙarfe da kekunan ɗinki da tukwane a bakin titi, mutum na sayar da abin da ya tara shekara talatin kafin la'asar. Ni da Mma mun tsira saboda a Salaga aka haife ta, akwai dattawan da suka tsaya mana. Malam Isiyaku ba shi da mai tsaya masa. Aka ce Yaya Habi ta zauna, ai 'yar ƙasa ce. Ta ce yaranta ba za su shiga lori ba sai da ita, maganar ta ƙare a nan. Ba ta taɓa wuce Tamale ba a rayuwarta.

Sai wata magana ta bazu, ban san wa ya fara ta ba. Wai hanya da nisa, ana kwana da kwanaki a kan iyaka cikin ƙazanta, wanda bai yi allurar ƙarfi ba kafin ya hau lori ciwo zai kama shi. Allurar ƙarfin nan fenisilin ce kawai, ko ta ƙarin jini. Sajan ya ce mai lafiya ba ya bukatarta. Ni na ce mutanen da aka raba da komai, in allura za ta kwantar musu da hankali, a yi musu. Wasu suka tambayi malamai ko tana karya azumi, aka ce matafiyi ai yana da rangwame. Daga ranar bencinmu bai sake zama fayau ba. Sajan na yin iya abin da langarsa ta ba shi dama, saura ya ce su dawo gobe.

Ranar da lorin su Yaya Habi zai tashi, Sajan bai zo ba. Daga baya na ji 'yan sanda ne suka tare shi a hanyar Tafo, inda yake zaune. Sun ga tsagen fuskarsa suka ce ba ɗan ƙasa ba ne, suka riƙe shi har sai da aka kawo takardarsa ta soja. Ni ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne hantsi ya yi, mata da tsofaffi sun cika shagon har waje, dukansu 'yan lori biyun da za su tashi bayan azahar, mazansu na can suna ɗaure kaya. Ba baƙi ba ne a wurina. Matar da ta yi mini wankan jariri tana ciki. Mai gidan da na fara ajiye tirena yana ciki. Kowa na cewa, Yakubu, yau ce ta ƙarshe, kar ka bar mu mu tafi haka. A Zango ba a sallamar maƙwabci hannu wofi, ko a ranar daɗi, balle irin wannan rana. Shekara shida ina kallon hannun Sajan. Na san inda ake hudawa a ɗuwawu, na san yadda ake jan magani. Na ɗaga labule na shiga.

Da farko na bi tsarinsa. Na hura gawayi, na dafa, na yi wa mutum uku, na mayar cikin langa na zauna jira. Ba ni da agogo. Ina azumi, ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, a waje yaran mota na buga jikin lori suna kiran mutane. Na leƙa na ga layin, na san ko rabinsu ba zan kai ba. Sai idona ya faɗa kan butar alwalata a bayan ƙofa. Ga tunanin da na yi, zan faɗe shi yadda yake don kada ku ɗauka mantuwa ce. Na ce a raina, ruwa mai tsarki ne, an koya mana tun muna yara cewa yana gusar da najasa. In ya isa ya tsarkake mutum ya tsaya gaban Ubangiji, ta yaya zai kasa wanke ɗan ƙarfe? Na zuba ruwan butar a kofi. In na yi wa mutum, sai in zuƙo ruwa cikin sirinji in fesar, sau uku, da bismillah, in goge bakin allurar da sifirit, in kira na gaba. Da sifirit ya ƙare na ci gaba da ruwa kawai. Gawayin ya mutu ban kula ba. Layi ya fara tafiya, mutane na sa mini albarka.

Akwai wani Malam Garba mai ɗaurin goro, da ƙyar ya shigo, wani na riƙe da shi. Ya ce kwana goma ba ya iya cin abinci. Na ga idonsa, rawaya ne kamar an shafa gangamau. Na gani sarai, maganar Sajan ma ta faɗo mini. Na ce a raina wannan ya fi kowa bukata. Na yi masa, na fesar da ruwa sau uku. Mutum biyu suka biyo bayansa, sannan Yaya Habi ta shigo da mayafinta a kafaɗa, tana haki.

"Ina Sajan?"

"Bai zo ba."

"Au, yau Dokta ne da kansa. Allah Ya nuna mini."

Ta dubi kurfotin, ta dubi kofin. Mai girki ce, da ido take gane abin da ya ga wuta.

"Auta, ba ka dafa ba? Sajan dafa ta yake kamar wake."

"Na wanke sau uku, Yaya. Alwala ma sau uku ce."

"To, Malam ya ba da fatawa. Yi sauri, na bar yara a kan kaya. Kuma a hankali, da nan zan zauna har Katsina."

Na yi mata. Ta ce hannuna ya fi na Sajan sauƙi, ta ja kunnena ta fita. Ta so ta kawo yaran, lokaci ne bai bari ba. Wannan kaɗai nake gode wa direban lorin nan a kai. Bayan azahar suka tashi. Mma ba ta iya zuwa tasha ba, a ƙofar gida suka yi sallama, Yaya Habi na ce mata kar ta bari in ci abincin titi.

Da la'asar Sajan ya iso, rigarsa duk datti. Ya ga kwalaben magani ba komai a ciki, jere a ƙasa. Bai tambaye ni ba tukuna. Ya sa bayan hannu a jikin langa. Ya tona tokar kurfoti da yatsa. Ya ɗauki kofin ya duba ruwan, ya ɗan yi ja-ja.

"Mutum nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Akwai marar lafiya a ciki?"

"Malam Garba mai goro."

"Idonsa?"

Na sunkuya ina tattara kwalaben.

"Wa ya biyo shi?"

Na faɗa masa sunayen. Da na zo kan na ukun sai ya zauna a benci. Na fara kawo masa maganar tsarki da ruwa, ya ɗaga hannu.

"Alwala tsakaninka da Allah ne, Yakubu. Wannan jini ne. Jini bai san bismillah ba."

"To yanzu me za a yi?"

"Lori ya tafi."

Ya tashi ya hura gawayi, ya dafa komai, ya dafa kofin ma, sannan ya jefar da shi.

Labari ya fara zuwa bayan ƙaramar Sallah, ta bakin direbobin da suka dawo. An ce a kan iyaka mutane da dama wurin allurarsu ya kumbura ya yi mugunya, sun kasa zama, a kwance aka ƙarasa da su. Matar da ta yi mini wankan jariri sai da wanzami ya tsaga mata a gefen hanya. Malam Garba bai kai gida ba. Na tambayi kowane direba labarin Yaya Habi, aka ce lafiyarta ƙalau, ita ke dafa wa 'yan lorin abinci tana zaginsu. Wasiƙarta ma ta zo daga Katsina, ta ce garin ba ayaba, ba wanda ya iya gaisuwa da Turanci, a gaida Dokta. Na kai wa Sajan wasiƙar ina murna. Ya ce in jira. Wata uku na yi ina jira. Ina buɗe shago, ina sayar da ƙwaya, ina cin abinci, amma duk mutumin da ya shigo idonsa nake fara kallo.

Bayan babbar Sallah da kamar wata ɗaya wasiƙa ta biyu ta zo, da rubutun ajami na Malam Isiyaku. Ya ce Habi ta fara da kasala da amai, sai ido ya yi rawaya, sai jiki duka. Sun yi na gargajiya na ciwon shawara, sun kai ta asibiti, kwana tara ta yi. A kwanakin ƙarshe ba ta gane kowa, tana kiran Mma da ni. Ya ce akwai wata mata daga lorinsu da ta rasu da irin wannan ciwo a Funtuwa, kuma likita ya tambaye su ko an yi musu allura kafin tafiya. Ya rubuta cewa an yi, a shagon Yakubu. Bai san wa ya yi ba, yana can yana ɗaurin keken ɗinkinsa a lokacin.

Ni na karanta wa Mma. Tana zaune a tabarma, ƙafafunta a miƙe, mata sun fara shigowa. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta sa na maimaita wurin allurar. Sannan ta dube ni.

"Wa ya yi mata?"

Duk wanda ya ga abin da ya faru a bayan labulen nan yana wata ƙasa, ko yana ƙasa. Duk Zango ta san mutum ɗaya ne ke allura a shagona. Na san haka kafin in buɗe baki, na auna shi kamar yadda nake auna kowane ciniki.

"Sajan ne, Mma."

Kafin sadakar uku magana ta gama unguwa. Aka haɗa kumburin kan iyaka da Malam Garba da Habi, aka ɗora masa. Wasu suka ce ganganci ne, wasu suka ce da gangan ya yi, ɗan ƙasa ne, yana murna da tafiyar baƙi. Mutumin da ya yi shekara shida yana tsugune gaban gawayi saboda su. Ya zo ta'aziyya, Mma ta aiko a ce masa kada ya taka mata zaure. A masallaci aka bar masa gefen sahu. Ba wanda ya sake zama a bencinmu.

Ya zo ɗaukar kayansa wata ranar Talata da hantsi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana naɗe sirinjin a tsumma ɗaya bayan ɗaya.

"Sajan, kana da shaida. 'Yan sanda sun riƙe ka ranar."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ƙulle tsumman.

"Tsohuwa ta rasa ɗaya," ya ce. "In na yi magana, ta rasa biyu. Wa zai ɗebo mata ruwa? Ni ina da garinmu."

Na ce zan taimaka masa da abin hanya. Ya ce in bar shi. Ya koma arewa, na ji noman doya ya kama, bai sake taɓa allura ba, don labarin ya riga shi isa. Bayan 'yan shekaru wani mai kawo shanu ya gaya mini ya rasu. Ban je ba. Na rufe shagon a shekarar, na shiga harkar ƙarfe, Allah kuma Ya buɗa mini a can, abin da har yau ban gane dalilinsa ba.

Na taɓa tambayar wani likita, bayan shekaru da yawa, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce ba mai iya rantsuwa cewa allurar ce, ciwon na da wasu hanyoyi. Ya ce amma in shi ne, ba zai nemi wata hanyar ba. Na so in riƙe rabin farko na maganarsa, ban iya ba. Ko da ba allurar ce ta kashe Yaya Habi ba, ni na ga idon Malam Garba, ni na kira na gaba, kuma ni na ba Mma sunan wani.

Yaran Yaya Habi sun girma a Katsina a hannun dangin ubansu. Kun san su, kun ga ina yi musu hidima, kun ji suna kirana kawu na gari. Su ma sunan Sajan aka ba su a maganar allurar. Babbar cikinsu ta taɓa gaya mini cewa duk sallar da ta yi sai ta kai ƙararsa wurin Allah. Na ce ta yi haƙuri, na canja magana.

Mma ta yi shekara goma sha ɗaya bayan Habi. Ni na yi jinyarta, ni nake ɗaga ta, ni nake ba ta koko a baki. Sau da yawa na shiga ɗakinta da niyyar faɗa, sai ta fara sa mini albarka, in fito. A ciwonta na ƙarshe liman ya zo duba ta da safe, ya ce ta yafe wa mutane don Allah Ya yafe mata. Ta ce ta yafe wa kowa, ta yafe wa waɗanda suka kori surukinta, ta yafe wa direban da ya ɗauke mata 'ya. Liman ya ce, har da Salifu? Ta juya fuska bango.

"Ban da wanda ya yi wa Habi allura. Shi sai mun tsaya gaban Allah."

Hannunta na cikin nawa lokacin da ta faɗa. Liman ya dube ni don in taya shi roƙonta. Na gyara mata matashi, na ce a bar ta ta huta.